Shekara uku ina zuwa aiki da buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu: in sayar ko in riƙe?

Ɗan Birnin Kudu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na saka hoton motata a makon jiya mutane da dama suka biyo ni ta bayan fage suna tambaya ko da gaske ita kaɗai gare ni, kuma ko mutum mai iyali zai iya zuwa aiki kullum da motar da rufinta yadi ne. Na ga gara in ba da amsa a nan gaba ɗaya, daga nan kuma in nemi shawararku a kan abin da ke gabana.

Motar Mazda MX-5 ce ƙirar 2010, wato zubi na uku, mai inji lita 2.0 da giyar hannu, kujerunta biyu kacal. Ina zaune a Huddersfield da ke arewacin Ingila, ina aiki a gefen Manchester, saboda haka kwana biyar a mako ina kan babbar hanyar M62, wadda ta ratsa tsaunukan Pennines har ta kai tsayin mita 372 a wurin da ya fi tudu. Wanda ya san hanyar ya san iska da hazo da ruwan sama ba su cika barinta ba.

Ta fuskar inji ba ni da ƙorafi. A shekara uku abin da na canja bai wuce tayoyi da birki da batir da robar ajiyar ruwan lagireto ba, wadda ta tsage saboda tsufa. Rufin kuwa maƙalli ɗaya ne a tsakiya: in na tsaya a danja sai in ɓalle shi da hannu ɗaya in tura rufin baya, kafin wuta ta ba da hannu an gama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranakun da suka fi daɗin buɗewa ba na tsakiyar bazara ba ne, a'a, safiyar Oktoba ce ko ta Maris, lokacin da gari ya yi sanyi amma babu ruwa, ka ɗaga gilasan gefe, ka kunna hita ta riƙa hura maka ƙafafu, ka saka hular sanyi, sama kuma a buɗe.

Wahalar a wani wurin take. But ɗin, wato wurin kaya na baya, lita 150 ne, wanda ke ɗaukar buhun shinkafa mai kilo 20 da leda uku ko huɗu na cefane idan na je Bradford sayen nama, amma ba ya ɗaukar babban akwatin tafiya. Ranar da ƙanena ya sauka a filin jirgin Manchester da akwatuna biyu, a tasi muka tura kayan, mu kuma muka biyo su a baya. Babu safaya, sai wata 'yar kwalbar liƙe huji da famfon iska. A gudun mil 70, wanda shi ne iyakar doka a nan, ƙarar iska da ta tayoyi ba ta barin in saurari karatu ko in amsa waya a natse ko da rufin yana rufe. Idan babbar mota ta wuce ni cikin ruwa, kaina daidai tsayin tayarta yake, kuma duk ruwan da ta kwaso a gilashina yake sauka. Ranar Juma'a mutum ɗaya kawai nake iya ɗauka zuwa masallaci, sauran abokan aiki sai in ba su haƙuri.

Yanzu ga tambayar. Maiɗakina tana da juna biyu, kuma in Allah ya sauke ta lafiya mun zama uku. Ko dai in sayar da wannan in sayi mai kujera biyar, ko in riƙe ta in ƙara ta biyu, da inshora biyu da haraji biyu da gwajin lafiyar mota, wato MOT, biyu a shekara. Masu irin wannan mota, yaya kuka yi?

Alhaji na Fagge:

Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu. Ɗana, ni ban ga abin shawara a nan ba, domin ka ba kanka amsa tun a maganar masallaci. Mota a wurinmu ba ta mai ita kaɗai ba ce. Ita ce ke kai maƙwabci asibiti da tsakar dare, ita ce ke ɗaukar mutane zuwa jana'iza da ɗaurin aure, ita ce ke tsayawa idan ka ga dattijon unguwa a bakin titi cikin rana. Motar da za ta sa ka wuce mutum uku ka ɗauki ɗaya ta rage maka wani abu da ya fi daɗin iska. Ka sayar kawai.

Injiniya Mai Ritaya:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, amma ina ganin ya kamata mu san abin da aka ƙera motar domin shi kafin mu yanke mata hukunci. Mazda ta fito da MX-5 a baje kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, a lokacin da ƙananan buɗaɗɗun motocin Ingila irin su MG da Triumph suka riga suka mutu, bayan sun yi ƙaurin suna wajen yawan lalacewa da yoyon mai da yoyon ruwa. Abin da injiniyoyin Hiroshima suka yi shi ne suka ɗauki siffar waɗancan motoci, musamman Lotus Elan, suka haɗa ta da injin da zai tashi kowace safiya. Taken da suka ɗora aikin a kai shi ne "jinba ittai", wato doki da mahayinsa su zama abu ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe linzamin doki mai horo a hawan salla zai gane nufinsu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura motar, nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, kuma gaba ɗayanta ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. A watan Afrilun 2016 suka ƙera ta miliyan ɗaya, abin da babu wata buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu da ta taɓa kaiwa.

Na kawo wannan ne don a bambance abu biyu. Akwai tambayar ko motar za ta jure aikin kullum, amsarta kuwa e, za ta jure, shi ma mai ita ya shaida. Akwai kuma tambayar ko rayuwar mai ita za ta shiga cikin kujera biyu, wannan kuwa ba injiniya ne zai amsa ta ba. Doki ma ai mutum ɗaya yake ɗauka, amma ba mu taɓa jin an ce sarki ya yi rowa don ya hau doki ba. Sai dai shi sarki yana da motocin rakiya a bayansa.

Alhaji na Fagge:

To ai ka dawo kan maganata, Injiniya. Wanda yake da motocin rakiya ya hau doki. Yaron nan mota ɗaya gare shi.

Baban Sadiq, Abuja:

Bari in ba da labarin yadda abin yake a gida, domin na ga wasu a ƙarƙashin hoton suna cewa za su yi oda. Na riƙe Mercedes SLK 350 ƙirar 2007 wadda aka shigo da ita daga Amurka, na yi shekara biyu da rabi ina zuwa ofis da ita daga Gwarinpa zuwa tsakiyar birni. Ita rufinta na ƙarfe ne, yana naɗewa ya shige but da ƙarfin famfon mai, kuma ganin yadda yake buɗewa kaɗai yana tara yara a gidan mai.

A cikin wannan shekara biyu da rabi, idan na ƙirga ranakun da na buɗe rufin da rana, ba za su cika ashirin ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu rana ba ta barin mutum, kujerar fata tana yin zafin da ba za ka iya jingina ba, sitiyari kuma sai ka riƙe shi da gefen riga. Da damina hadari yana haɗuwa cikin minti goma. Da hunturu, wanda shi ne lokacin da iska ke da daɗi, ƙura ce ke cika ko'ina, ka isa ofis farar shaddarka ta koma ruwan ƙasa, gashin ido ma ya yi fari. Abin da ya rage shi ne bayan sallar isha'i a titunan Maitama da Asokoro, da kuma safiyar Asabar kafin ƙarfe takwas. Wato na sayi buɗaɗɗiyar mota amma kusan kullum a rufe nake tuƙa ta da esi, kamar kowa, sai dai ni tawa ta fi ta kowa matsi.

Sannan akwai abin da ba a faɗa wa mutum. Idan kana son buɗe rufin dole ka ja wani labule a cikin but wanda ke raba wurin kaya da wurin rufi, in ba ka ja shi ba na'urar ba za ta motsa ba, kuma abin da ya rage maka na kaya kaɗan ne. A cunkoso kuma kana zaune a fili: mai tallar ruwa, mai goge gilashi, mai bara, kowa hannunsa yana iya kaiwa cinyarka, wayarka kuma ba ta da wurin ɓuya. Hulata zanna bukar guda biyu iska ta ɗauke a kan titin filin jirgi, ɗaya ma ina kallo ta madubi wata tirela ta bi ta kanta.

Ƙarshen zamana da ita shi ne ranar da rufin ya tsaya a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba, a wurin ɗaurin auren wani abokina, ga hadari ya taso. Ɗaya daga cikin silindojin da ke ɗaga rufin ne robarsa ta mutu, man ya tsiyaye ta saman gilashin gaba har ya ɗiga mini a babbar riga. Wani gareji da na kai ta suka riƙe ta mako biyar, suka canja abin da lafiyarsa ƙalau, suka bar wanda ya lalace. Da aka gyara a wani wurin ban ƙara wata biyu da ita ba.

Oga Bakanike:

Yallaɓai Baban Sadiq, abin da ya same ka shi ne abin da muke gani a kan kusan duk mai rufin ƙarfe da ta shigo hannunmu, ko SLK ce ko Peugeot 206 CC ko 307 CC. Rufin nan ba ƙarfe ɗaya ba ne, tsari ne na famfo da bututun mai da silindoji da ƙananan makunnai masu gaya wa kwamfutar motar cewa wannan sashe ya kulle, wancan ya buɗe. Makunni ɗaya ya sha ƙura ya daina aiki, sai duk rufin ya tsaya, alhali babu abin da ya karye. Zafin rana kuma yana busar da robobin silinda da na gefen gilashi, shi ya sa motar da ta yi shekara goma a Jamus ba ta yoyo sai ta zo nan ta fara a damina ta biyu. Yawancin yaranmu ba su koyi wannan aikin ba, saboda a shekara ba su ganin irinta fiye da ɗaya ko biyu, kayanta kuma in ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ba ka samu ba, sai a aika Ladipo a Legas, wani lokacin ma sai an yi oda daga waje.

Matsala ta biyu ita ce ƙasa. Irin waɗannan motoci tsakanin cikinsu da titi bai kai santimita 14 ba, tudun rage gudu kuwa da mutanen unguwa ke ginawa da kansu babu wanda ya auna shi. Salansa da bamba da kaskon baƙin mai su ne ke fara shan wahala. Kuma da yake an cire rufi, wanda shi ne ke ɗaure jikin mota ta sama kamar murfin akwati, sai an ƙara ƙarafa a ƙasa don a rama, amma duk da haka a kan gargada za ka ji gilashin gaba da sitiyari suna rawa, bayan shekara biyu kuma ko'ina ya fara ƙara.

Wanda ya nace sai ya hau buɗaɗɗiya a gida, shawarata ya nemi Toyota Solara mai buɗewa, ta 2004 zuwa 2008. Kujerunta huɗu ne, injinta da giyarta da ƙafafunta kusan duk na Camry ne, kowane bakanike ya san su, rufinta kuma yadi ne wanda masu ɗinkin kujerun mota za su iya lallaɓawa. Ba motar tsere ba ce, amma za ta kai ka ta dawo da kai.

Maman Iman:

Ina karanta bayanan maza tun ɗazu, kuma na lura babu wanda ya tambayi ra'ayin wadda za ta zauna a ɗaya kujerar. Maigidana ya taɓa riƙe BMW Z4 lokacin muna Dubai, inda ake iya buɗe rufi daga Nuwamba zuwa Maris, sauran watannin kuwa ko tunaninsa ba a yi. A watannin ƙarshe na cikin 'yata ta fari shiga motar nan da fita daga cikinta ya zama mini aiki, domin kujerar a ƙasa take ƙwarai, sai na dafa ƙofa na dafa kafaɗarsa kafin in miƙe. Idan ya buɗe rufi kuma hannuna ɗaya yana kan mayafi har mu isa. Ban taɓa hana shi ba saboda na ga yadda yake jin daɗinta, amma da aka tambaye ni da na faɗi gaskiya tun da wuri.

Malam Ɗan Birnin Kudu, ka tuna kuma cewa a Ingila doka ta wajabta kujerar yara har yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, kuma ba a ɗora kujerar jariri mai kallon baya a gaba matuƙar jakar iska ta wannan gefen tana aiki. Ko da an warware wannan, idan jariri ya hau, uwarsa a ina za ta zauna? Keken turawa ma ba zai shiga but ɗin da ka kwatanta ba. Ranar da za a sallame su daga asibiti dole da wata motar za ka je.

Ɗan Birnin Kudu:

Hajiya, na gode, kuma na karɓi gyara. Na tambaye ta a daren jiya bayan na karanta saƙonki, ta yi dariya ta ce ita tun watan da ya wuce take son ta yi maganar amma ta ga kamar za ta raba ni da abin da nake so. Ta ce tana jin daɗin fitar da muke yi ranar Lahadi ta hanyar Snake Pass zuwa Sheffield, sai dai bayanta yana ciwo kafin mu dawo. Saboda haka mota mai kujera biyar ta zama dole, saura ko wannan za ta zauna tare da ita.

Bazazzage a Minnesota:

Ni ina cikin masu cewa ka riƙe, amma da sharaɗi. Tawa ma MX-5 ce, zubi na huɗu, ta 2016, wadda but ɗinta ma ya fi naka ƙanƙanta, lita 130, kuma ko akwatin ajiyar takardu na gaban fasinja babu, sai wani ɗan ƙaramin wuri tsakanin kujeru. Shekara biyu na yi ina tuƙa ta har cikin hunturun nan da sanyi ke wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Da tayoyin ƙanƙara guda huɗu da buhun yashi a but tana tafiya fiye da yadda mutane ke zato, kuma da yake cikinta ƙarami ne hita tana ɗumama shi kafin in fita daga layinmu. Abin da ke tsayar da ita shi ne dusar ƙanƙara mai zurfi kafin motocin shara su wuce, domin a lokacin gabanta yake zama shebur.

Abokin gabarta na gaskiya gishirin da ake watsawa a titi ne, kuma ku ma a Ingila ana watsa shi. Tsofaffin MX-5 ba inji ne ke kashe su ba, tsatsa ce, wadda ke farawa daga dogarin ƙasan ƙofa da bakin tayoyin baya, ta ci daga ciki, kafin ka gan ta a fenti ta riga ta gama aiki. Kafin ka yanke shawara ka sa a ɗaga motar a duba ƙasanta da fitila. Idan ƙarfen lafiya yake, mota ce da ta riga ta gama faɗuwar daraja, abin da za a ba ka in ka sayar ba zai kai abin da za ka yi kewarta ba. Idan kuwa tsatsa ta kama, ka rabu da ita tun tana da takardar MOT mai tsawo.

Da muka samu ɗa na biyu na sayi tsohuwar Toyota Sienna don iyali, ita kuma Mazda na mayar da ita ta watanni bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, sauran watannin tana gareji a lulluɓe, inshorarta ma a rage.

Malam Mai Lissafi:

Ni abin da ke damuna shi ne haɗari. Mota babu rufi, ga ta ƙarama, ga manyan motoci a M62. Idan ta kife fa, me zai kare kan mutum? Ina ganin mai jiran haihuwa bai kamata ya riƙa saka kansa a irin wannan ba kullum.

Injiniya Mai Ritaya:

Malam, tsoron nan tsoho ne, har ya taɓa kusan kashe irin waɗannan motoci a Amurka. A shekarun 1970 kamfanoni sun ɗauka gwamnati za ta kafa dokar kifewa da buɗaɗɗiyar mota ba za ta iya cikawa ba, shi ya sa aka tallata Cadillac Eldorado ta 1976 a matsayin ta ƙarshe. Dokar ba ta zo a yadda aka ji tsoro ba, Chrysler kuma ta dawo da su a 1982. Daga baya aka ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba, aka saka ƙarafan kariya a bayan kujeru, Mercedes SL ta 1989 ma ta zo da wanda ke tashi da kansa cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa idan motar ta ji za ta kife. A 2020 cibiyar IIHS ta masu inshora a Amurka ta kwatanta sababbin buɗaɗɗun motoci da takwarorinsu masu rufi, ba ta samu cewa buɗaɗɗun sun fi kisa ba. Abin da ta samu shi ne a cikin direbobin da suka mutu, waɗanda mota ta wurgar da su waje sun fi yawa a buɗaɗɗun. Wannan kuwa maganar bel ce kafin ta zama maganar rufi.

Inda nake tare da kai shi ne girma. Motar da ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba idan ta haɗu da jif mai tan biyu da rabi, ita ce za ta sha kashi, ko da rufi ko babu. Kuma direban babbar mota ba ya ganin abin da ke ƙasa da madubinsa, don haka mai irin wannan mota ya riƙa tuƙi kamar mai babur, kada ya daɗe a gefen tirela.

Ɗan Damagaram:

Tambaya gare ni, Malam Ɗan Birnin Kudu. Idan ka yanke shawarar sayarwa, me zai hana ka saka ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, ka riƙa hawa idan ka zo hutu, ko ka sayar wa wani a gida? Na ga irinta ba ta da yawa a wajenmu, wataƙila ta yi daraja.

Oga Bakanike:

Kada ya fara. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Ku ma a Nijar sitiyarin hagu kuke amfani da shi. Masu juya sitiyari suna yi wa Corolla da bas saboda akwai kayan hagu a kasuwa, amma wannan sai an nemo dashbod da rak ɗin sitiyari da wayoyinta daga wata MX-5 ta hagu, wadda babu ita a Ƙofar Ruwa. Ko an yi, aikin yanka da walda ne a kan motar da duk daɗinta a sitiyarin yake. Rashin yawanta kuma ba daraja ba ne a kasuwarmu, domin dillali abin da yake tambaya shi ne wa zai saya in an tashi sayarwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane mota ɗaya suke nema mai ɗaukar kowa da komai.

Alhaji na Fagge:

A nan buɗaɗɗiyar mota ai ta 'yan siyasa ce ranar kamfe, da shugaban ƙasa idan zai duba fareti a Dandalin Eagle. Su ma da an gama suke komawa cikin mai esi.

Ɗan Birnin Kudu:

Na dawo da rahoto. Na bi shawarar ɗan'uwa na Minnesota, ranar Asabar na kai ta aka ɗaga. Dogarin ƙofa lafiya lau, akwai tsatsar sama-sama a ƙarafan da ke riƙe tayoyin baya, wadda bakaniken ya ce a kankare a shafa mata mai kafin hunturu. Amma ya gano wani abin da ban sani ba: kafet ɗin bayan kujerar fasinja a jiƙe yake sharkaf. Ashe ruwan da ke gangarowa daga rufin yana taruwa ne a wasu ƙananan kwatoci biyu a bayan kujeru, ya bi bututu ya fita ta ƙasa, ganyen bishiyar da nake ajiye motar a ƙarƙashinta kuma ya toshe na hagu. Ni ina ta zargin hita ce ke sa gilashi yin gumi da safe. Ya zura wani dogon buroshi mai lanƙwasa, irin wanda ake wanke ƙahon busa da shi, sai ga baƙin ruwa ya zubo kamar rabin bokiti. Da na yi ƙorafi ya ce aikin minti biyar ne da ya kamata in riƙa yi sau biyu a shekara. Na tuna maganar kakata cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai tawa rariyar riƙewa ta yi.

Ga inda muka tsaya ni da maiɗakina. Za mu sayi tsohuwar Honda Jazz ko Toyota Auris kafin watan haihuwa, ita ce za ta zama ta gida da cefane da masallaci, don haka Alhaji, abokan aikina uku sun samu wuri ranar Juma'a. Mazda za ta ci gaba da kai ni aiki sauran kwana huɗu har zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan in ajiye ta in sanar da hukuma cewa ba ta kan titi, wanda ke dakatar da harajinta, in ga ko aljihu zai ɗauki inshora biyu idan Afrilu ta zo. Matsalar da ta rage ita ce gidan da muke haya wurin ajiye mota ɗaya gare shi, motar da aka ce ba ta kan titi kuma doka ba ta yarda a bar ta a bakin titi ba.

Bazazzage a Minnesota:

To ka ba Mazda wurin ajiyar gidan, ta iyali ta kwana a bakin titi tunda ita tana da haraji da inshora. Kafin ka lulluɓe ta ka tabbata kafet ɗin nan ya bushe sarai, in ba haka ba za ka buɗe ta a Afrilu ka tarar da fumfuna har kan bel. Ka cika tanki, ka ƙara wa tayoyi iska, ka cire kan batir ko ka haɗa shi da ƙaramar caja, kuma kada ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya ka saka mata waigi a taya. Rufin a rufe za ka bar shi, ba a naɗe ba, don kada yadin ya yi karaya a wurin lanƙwasa.

Baban Sadiq, Abuja:

Oga Bakanike, wannan Solara da ka ambata, idan an samu mai tsabta ka yi mini magana ta bayan fage. Tambaya kawai nake yi, kada uwargida ta ji.